Faifan Sweetheart of the Rodeo: Inda Ya Yi Zarra da Inda Ya Yi Tuntuɓe

 Yau Amurka za mu leƙa, mu koma shekarar 1968, mu ɗauko wani faifai guda mu juya shi gaba da baya. Sunansa Sweetheart of the Rodeo, na ƙungiyar mawaƙan nan da ake kira The Byrds. Waƙoƙi 11 ne a cikinsa, tsawonsa duka-duka bai wuce minti 32 da 'yan kai ba, amma an fi shekara 50 ana gardama a kansa.

Kiɗan karkara na Amurka, wanda su can suke kira country, ba baƙo ba ne a kunnenmu. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san muryar Don Williams, ya san Jim Reeves da Kenny Rogers da Dolly Parton, ko a rediyo ya ji su ko a motar haya. To, na yau ba irin wancan lallausan kiɗan ba ne sak. Wasu samari ne 'yan birni masu dogon gashi, waɗanda duniya ta sani da kiɗan rok, suka wayi gari suka ce su fa kiɗan mutanen karkara za su yi. Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don kada wani ya ce na yi masa kwana-kwana. Makaɗan da ke cikin faifan nan ba su da makusa. Matsalar tana wajen masu rerawa. Duk waƙar da mai rera ta ya yarda da abin da yake faɗa, tana tsaye da ƙafarta har gobe, wadda kuwa aka rera da muryar aro, ɗingishi take yi.

Su wane ne The Byrds? A 1965 suka ɗauki waƙar Bob Dylan, Mr. Tambourine Man, suka ɗora ta a kan jitar lantarki mai tsirkiya 12 ta shugabansu Roger McGuinn, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka da Ingila. Kafin shekarar ta ƙare sun sake hawa na ɗaya a Amurka da Turn! Turn! Turn! A 1966 suka fitar da Eight Miles High, wadda ta sa aka lissafa su cikin jagororin sabon kiɗan matasa na lokacin. Amma ƙungiya ce da rigima ba ta ƙare mata. Gene Clark, wanda ya fi kowa rubuta musu waƙa, ya fita a 1966. An kori David Crosby a watan Oktoba na 1967, mai ganga Michael Clarke ya bi bayansa. Aka shiga 1968 saura mutum biyu cikin biyar, McGuinn da Chris Hillman. Hillman ya jawo wani ɗan'uwansa, Kevin Kelley, ya riƙe musu ganga.

Burin McGuinn a lokacin babba ne. So yake su yi faifai tagwaye wanda zai bi tarihin kiɗan Amurka kaf, daga kiɗan mutanen tsaunuka, a bi ta jaz, a zo rok, a ƙare da kiɗan na'urar lantarki irin ta Moog. Don haka ya nemi mai kaɗa piyano wanda ya iya jaz. Sai Hillman ya kawo masa wani yaro ɗan shekara 21, Gram Parsons. An ɗauke shi a watan Fabrairu a matsayin ɗan albashi, ba cikakken memba mai hannu a kwantiragin kamfanin Columbia ba. Kafin wata guda ya cika, yaron ya ture piyano gefe ya rungumi jita, ya shawo kan Hillman, wanda shi dama da kaɗa mandolin ya fara a ƙungiyoyin kiɗan gargajiya, su biyun suka taru suka juya kan motar zuwa Nashville. Babban tarihin da McGuinn ya so rubutawa ya tsaya a babin farko.

Sai mun tuna irin shekarar da 1968 take kafin mu gane girman abin da suka yi. Yaƙin Biyetnam ya raba kan Amurkawa. An kashe Martin Luther King a Memphis a watan Afrilu, an kashe Robert Kennedy a watan Yuni. George Wallace, tsohon gwamnan Alabama mai kare wariyar launin fata, yana takarar shugaban ƙasa. A idon matasan birane, kiɗan karkara kiɗan magoya bayan Wallace ne, na direbobin manyan motoci da manoman kudu masu ra'ayin riƙau. A idon mutanen Nashville kuwa, masu dogon gashi 'yan ƙwaya ne marasa kishin ƙasa. Tsakanin waɗannan ɓangarori biyu da ba sa ga maciji da juna The Byrds suka je suka tsaya.

Daga 9 zuwa 15 ga Maris suka yi aiki a ɗakin ɗaukar sauti na Columbia da ke Nashville, ƙarƙashin furodusa Gary Usher, suka ƙarasa sauran a Hollywood cikin Afrilu da Mayu. A nan suka yi dabara mafi kyau a duk tafiyar: sun san ba su iya ba, sai suka ɗauko waɗanda suka iya. Suka kira Lloyd Green da JayDee Maness a kan jitar kwance, John Hartford a kan banjo da goge, Roy Huskey a kan babban bas na katako, Earl Ball a kan piyano, da Clarence White a kan jitar lantarki.

Bari in tsaya a kan jitar kwancen nan, domin ita ce ran faifan. Ba rataya ta ake yi a wuya ba. A kwance take a kan ƙafafu huɗu, makaɗi yana zaune a gabanta. Hannun hagu yana riƙe da wani guntun ƙarfe mai santsi yana zame shi a kan tsirkiyoyi, hannun dama yana tsinkar su da 'yan farata na ƙarfe. Ƙafar hagu tana taka feda, gwiwoyi suna tura wasu 'yan sanduna hagu da dama, kowane taki yana ɗaure tsirkiya ko ya sassauta ta, ƙafar dama kuma tana ƙara sauti ko ta rage shi. Shi ya sa amonta ba ya tsalle daga wata murya zuwa wata, zamewa yake yi, yana lanƙwasa, har ka rantse mutum ne yake kuka. Wanda ya saurari faifan Juju Music na King Sunny Adé na 1982 ya ji wannan amo a hannun Demola Adepoju, don haka mu a Najeriya mun san ta ta wata ƙofar.

A Nashville ta wancan lokaci al'ada ita ce mai jitar kwance ya jira mawaƙi ya numfasa, ya cike ɗan gurbin, ya koma ya yi shiru. Lloyd Green, wanda ya yi wa manyan garin aiki har da Charley Pride, ya sha ba da labarin cewa da ya tambayi samarin nan inda suke so ya shigo a waƙar farko, sai suka ce masa ya kaɗa ko'ina, daga farko har ƙarshe. Ku kunna You Ain't Goin' Nowhere ku ji abin da ya biyo baya. Kafin kowa ya buɗe baki jitarsa ce take yi muku sallama, da wani ɗan tsalle mai fara'a, sannan ta bi bayan muryar McGuinn tana amsa masa baiti bayan baiti, ba ta bari ya huta ba. Waƙar Dylan ce, cikin waɗanda ya ɗauka a ginin ƙasa na wani gida kusa da Woodstock a 1967, lokacin ma shi bai fitar da ita ba. McGuinn gwani ne wajen rera Dylan, a nan kuwa bai yi ƙoƙarin zama kowa ba face kansa. Muryarsa a sake take, amshin mutum uku ya hau daidai. In da duk faifan haka yake, da ba mu da abin sharhi sai yabo.

Ƙarfi na biyu shi ne zaɓen waƙoƙi. Ba su tsaya ga abin da ake yayi a rediyon Nashville ba. Sun ɗauko tsohuwar waƙar addini ta gargajiya, I Am a Pilgrim. Sun ɗauko waƙar Woody Guthrie a kan Pretty Boy Floyd, ɗan fashin bankunan Oklahoma da aka harbe a 1934, wanda talakawan yankin suke kallo a matsayin mai taimakonsu a zamanin da bankuna suke ƙwace gonaki. Sun ɗauko ta mashaya, sun ɗauko ta gidan yari, sun ɗauko ta kaboyi. Wadda ta fi burge ni a zaɓen kuwa ita ce You Don't Miss Your Water, wadda William Bell, baƙar fata, ya rubuta ya rera wa kamfanin Stax na Memphis a 1961, Otis Redding ma ya maimaita ta a 1965. Sanya ta tsakanin waƙar coci ta fararen Alabama da waƙar mashaya magana ce babba ba tare da an hau mumbari ba. Parsons ya yi imani cewa kiɗan fararen kudu da na baƙaƙen kudu daga rijiya ɗaya suke sha, kuma tarihi yana bayansa. Banjon da ake ji a faifan nan jikan kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, masu ƙoƙo da fata da tsirkiya, dangin gurmi da molo, waɗanda bayi suka tafi da fasaharsu ƙetaren teku. Ray Charles ma ya riga ya bi hanyar ta ɗaya ɓangaren tun 1962, lokacin da ya rera waƙoƙin karkara da muryarsa ta coci.

Sai Hickory Wind, wadda Parsons ya rubuta tare da Bob Buchanan. Ita ce ƙololuwar faifan, kuma ban ga mai ja da wannan ba. Waƙa ce a hankali, mai taku uku-uku, ta mutumin da ya bar gida ya je birni, ya sami abin duniya, amma kewar itatuwa da iskar ƙuruciyarsa ta hana shi sakat. Gogen Hartford da jitar Green suna zagaye juna a bayansa, ba mai danne wani. Muryar Parsons kuwa siririya ce, tana rawa, wani lokaci har kamar za ta karye kafin ta kai inda za ta. Malamin waƙa zai iya ja mata jan biro. Amma duba wanda yake rerawar. An haife shi a Florida cikin dukiyar gonakin lemo ta dangin mahaifiyarsa, ya tashi a Waycross ta jihar Georgia. Yana ɗan shekara 12 mahaifinsa ya kashe kansa. Mahaifiyarsa giya ta ci ta, ta rasu a ranar da yake bikin kammala sakandare. Ya shiga jami'ar Harvard bai daɗe ba ya fita. Yaro ne da yake da kuɗi amma ba shi da gidan komawa, kuma kowace gaɓa ta waƙar tana shaida haka. Ba ya buƙatar kwaikwayon kowa a nan.

To, daga nan ne gizo yake saƙar. Kafin ya shiga The Byrds, Parsons yana da wata ƙungiya, International Submarine Band, wadda ta sa hannu da kamfanin LHI na Lee Hazlewood. Da aka ji muryarsa za ta fito a faifan Columbia, sai Hazlewood ya taso da batun kwantiragi da barazanar kotu. Aka koma ɗakin ɗaukar sauti aka cire muryar Parsons daga waƙoƙi uku: The Christian Life, da You Don't Miss Your Water, da One Hundred Years from Now. McGuinn ya rera biyun farko, shi da Hillman suka haɗu a ta ukun. Daga baya furodusa Gary Usher ya ce ba tsoron shari'a kaɗai ba ne, akwai kuma gudun kada sabon yaro ɗan albashi ya mamaye faifan ƙungiyar da ba shi ya kafa ba. Ko wanne ne gaskiya, ko duka biyun, an yi ɓarna. Parsons ya mutu yana jin haushin abin.

Ku ɗauki The Christian Life. Ira da Charlie Louvin, wa da ƙane daga Alabama, su suka rubuta ta, tana cikin faifansu na 1959. Labarin mutum ne da ya tuba ya kama addini, tsofaffin abokan shashanci suka juya masa baya, shi kuma ya ce ya ji ya gani, wannan rayuwar ya zaɓa. Waƙa ce da ba ta da wani ado sai gaskiyar mai faɗa. McGuinn kuwa ɗan Chicago ne, sai ya ari harshen mutanen kudu ya ja shi har ya wuce misali, yana lanƙwasa kowace kalma ta hanci. Kun san yadda ɗan birni yake kwaikwayon maganar baƙauye a wasan kwaikwayo, ya ƙara gishiri don a yi dariya? Haka take sauka a kunne. Shi kansa McGuinn ya amsa daga baya cewa a lokacin bai ɗauki saƙon waƙar da gaske ba, kusan shaguɓe yake yi. Wani abin mamaki, bayan kimanin shekara 10 shi ma ya zama mai riƙo da addinin Kirista sosai. Amma abin da aka ɗauka a 1968 ya riga ya ɗauku. Ga makaɗa suna aiki tsakani da Allah, ga amshi mai daɗi, ga mai ja gaba yana ƙyafta ido. Kuma in mutumin Nashville ya zargi samarin nan da yi wa al'adarsa ba'a, wannan waƙar ita ce hujjarsa.

Sai a 1990, da kamfanin Columbia ya fitar da babban kundin waƙoƙin ƙungiyar, jama'a suka ji muryar Parsons a kan waɗannan waƙoƙi uku. Bambancin a fili yake. Parsons ba waliyyi ba ne, kowa ya san irin rayuwar da ya yi, amma ya tashi cikin masu rera irin wannan waƙa ranar Lahadi, ya san ba abin wasa ba ce a wurinsu, sai ya rera ta kai tsaye ba tare da murmushi a gefen baki ba. A You Don't Miss Your Water kuma, aikin McGuinn ba laifi, yana da tsafta, sai dai nadamar da ke cikin waƙar ba ta kai masa zuci ba. In ka ji ta William Bell ka dawo ka ji wannan, za ka ga an wanke ta har ta kusa yin fari.

Kada dai a ɗauka ina cikin masu cewa Parsons komai ya taɓa zinariya ne. Akwai masoyansa da suka mayar da shi kamar wani shahidi, suka mayar da McGuinn azzalumi. Ban yarda da wannan ba. One Hundred Years from Now, wadda shi Parsons ɗin ya rubuta, ni a kunnena ta fi kyau da amshin McGuinn da Hillman, domin a nan ne kaɗai ake jin tsohuwar The Byrds da sabuwar suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sannan ga Life in Prison, wadda aka bar masa muryarsa a kai. Merle Haggard ne ya rubuta ta tare da Jelly Sanders, Haggard kuwa ya yi zaman gidan yarin San Quentin da ƙafarsa, sai 1960 ya fito. Labarin mutumin da ya kashe masoyiyarsa aka yanke masa ɗaurin rai da rai ne, yana roƙon gara a kashe shi. Parsons ya rera ta da sauri-sauri, da wani kuzari kamar mai zuwa biki. Cutar da ta kama McGuinn a waƙar coci ita ta kama Parsons a waƙar kurkuku: yana rera abin da bai sani ba. Ya fi dacewa a You're Still on My Mind, waƙar mai kwalba a gaba yana ƙoƙarin mance mace, inda piyanon Earl Ball yake tsalle a bayansa. Wannan kam ya san ta ciki da bai.

Shi kuma Hillman waƙa biyu ya ja. I Am a Pilgrim ta yi masa kyau, saboda muryarsa mai kunya ce, waƙar kuma ta matafiyi ce mai ƙanƙan da kai. Blue Canadian Rockies ta Cindy Walker, wadda Gene Autry ya yi suna da ita, ba ta da aibu, ba ta kuma da wani abin tunawa. Cike gurbi ce.

Rauni na gaba shi ne ƙarancin sabon abu. Cikin waƙoƙi 11, biyu kacal ƙungiyar ta rubuta, kuma duka biyun na ɗan albashin ne. McGuinn da Hillman, waɗanda watanni kaɗan kafin nan suka cika faifan The Notorious Byrd Brothers da rubutunsu, a nan ba su kawo sabuwar waƙa ko ɗaya ba. Jitar McGuinn mai tsirkiya 12, wadda ita ce tambarin ƙungiyar, kusan ba a jin ɗuriyarta. Shi ya sa nake jinjina kai idan aka kira faifan nan auren rok da kiɗan karkara. Ina rok ɗin? In ka cire waƙoƙi biyu ko uku, sauran kiɗan karkara ne zalla, wanda ɗalibai masu ladabi suka yi a gaban malamansu. Inda aka ɗaura auren da gaske shi ne waƙar ƙarshe, Nothing Was Delivered, ita ma ta Dylan. Ku kasa kunne ga gangar Kevin Kelley. A baitoci yana tafiya da takun karkara mai rangaji, da an zo amshi sai ya sauya ya dinga dukan rok kai tsaye, ɗaya bayan ɗaya, jitar Green tana shawagi a sama. Wannan sauyin na 'yan daƙiƙoƙi ya fi nuna hanyar da za a bi nan gaba fiye da rabin faifan. Abin takaici, sai da aka zo rufewa suka gano ta.

Yaya aka karɓe su? Ranar 15 ga Maris 1968 suka hau dandalin Grand Ole Opry a zauren Ryman, wurin da mawaƙan karkara suke ɗauka da tsarki, wanda gidan rediyon WSM yake watsawa kai tsaye. Sun rage gashinsu don girmama wurin, Lloyd Green ma ya raka su. Duk da haka 'yan kallo suka yi ta yi musu ihu da kukan tsuntsu. Mai gabatarwa Tompall Glaser ya sanar cewa za su rera Life in Prison, sai Parsons ya matso gaban makirufo ya ce a'a, Hickory Wind zai yi, sadaukarwa ga kakarsa. A Opry ba a yin haka. Ran masu gida ya ɓaci. Shahararren mai gabatar da shiri na WSM, Ralph Emery, shi ma ya karɓe su da gatsali a shirinsa na dare, har McGuinn da Parsons suka rama da wata waƙar zambo da suka yi masa, wadda ta fito a faifan ƙungiyar na gaba.

Da faifan ya fito ranar 30 ga Agusta, a matsayi na 77 ya tsaya a jadawalin Billboard, mafi ƙasa da suka taɓa yi zuwa lokacin. A Ingila ko shiga jadawali bai yi ba. Masu son rok suka ce an ci amanarsu, masu son kiɗan karkara ba su ma saya ba. Biyu babu.

Kafin ma ya fito, wanda ya jawo tafiyar ya riga ya gudu. A watan Yuli ƙungiyar tana Landan, za ta wuce Afirka ta Kudu yin wasa. Parsons, wanda ya ƙulla abota da Keith Richards na The Rolling Stones, ya ce shi ba zai je ƙasar wariyar launin fata ba. Hillman bai yarda da wannan dalili ba, yana ganin son zama da sababbin abokai ne kawai. Sauran suka tafi, wani ma'aikacinsu mai ɗaukar kaya, Carlos Bernal, ya riƙe jita a madadinsa, suka tarar da zauruka a rarrabe, farare daban baƙaƙe daban, tafiyar ta zame musu abin da-na-sani. Abin ya fi ciwo in aka tuna cewa Hugh Masekela, wanda mulkin wariyar ya raba da ƙasarsa, shi ya busa musu ƙaho a wata waƙarsu ta 1967. Ko mene ne a zuciyar Parsons, ƙin zuwan shi ne daidai. Duka-duka wata biyar zuwa shida ya yi a ƙungiyar.

Ana yawan cewa wannan ne faifan farko da ya haɗa rok da kiɗan karkara. Ba haka ba ne. The Beatles sun rera waƙar Buck Owens tun 1965. Hillman da Clarence White sun gwada salon a Time Between a 1967. Dylan ya ɗauki John Wesley Harding a Nashville a ƙarshen shekarar. Ita kanta tsohuwar ƙungiyar Parsons ta riga su da faifan Safe at Home. Abin da The Byrds suka yi wanda ba a riga su ba shi ne, babbar ƙungiya mai suna ta jefa sunanta gaba ɗaya cikin kiɗan da masoyanta suke rainawa. Sun yi asara, wasu suka kwashi riba. Hillman ya fita kafin ƙarshen shekarar, ya shirya da Parsons, suka kafa The Flying Burrito Brothers, suka fitar da The Gilded Palace of Sin a 1969, wanda a ganina ya fi wannan cika sunan haɗin, domin a can sun rubuta nasu, sun kuma bar rok ya yi magana. Daga wannan ƙungiya Bernie Leadon ya fita ya shiga cikin waɗanda suka kafa Eagles a 1971, su kuwa suka sayar da faifai miliyoyi da salon da aka yi wa The Byrds ihu a kansa. Parsons bai yi tsawon rai ya ga wannan ba. Ya rasu ranar 19 ga Satumba 1973 a wani masauki a Joshua Tree ta Kalifoniya, sanadin ƙwaya da giya, yana ɗan shekara 26, wata biyu bayan wani direba da ya bugu ya kaɗe Clarence White har lahira. Emmylou Harris, wadda ya jawo suka yi waƙa tare a ƙarshen rayuwarsa, ita ta ci gaba da ɗaukar tutar. A 2003 mujallar Rolling Stone ta sa faifan a matsayi na 117 cikin 500 da ta ce sun fi kowanne, a 2018 kuma McGuinn da Hillman suka zagaya Amurka tare da Marty Stuart suna rera shi don cikarsa shekara 50.

Ni dai ba zan sa shi a sahun faifan da ba su da tabo ba. Waƙoƙi huɗu a cikinsa sun kai ko'ina: ta farko, da Hickory Wind, da One Hundred Years from Now, da ta ƙarshe. Biyar suna da daɗi ba tare da sun girgiza kowa ba. Biyu kuwa, ta coci da ta kurkuku, an ba su ga bakin da bai dace ba. Mai sauraro da yake son ya yanke nasa hukuncin, ya nemi bugun 2003 mai faifai biyu, wanda ya haɗa da muryoyin Parsons da aka cire. Ya kunna The Christian Life ta McGuinn, ya bi ta da ta Parsons, sannan ya nemo ta 'yan'uwan Louvin ta 1959 ya ji daga bakin masu ita. In ya ga na zalunci McGuinn, ƙofarmu a buɗe take, ya aiko mana da nasa ra'ayin mu karanta.